ROBA MAI ZANE, MAGANIN SANTSI A GONA DA HANYA

Da zarar ruwa ya zauna, santsi ya zo ke nan. Bakin rijiya ya kan yi gansakuka, hanyar gona ta koma taɓo, daɓen siminti ya yi sulɓi kamar an zubar da miyar karkashi. A irin wannan lokaci ne a kan ji manomi ya zame ya karye ana tsakiyar noman fari, ko babur ya kayar da buhun taki cikin kwata, ko sa ya faɗi cikin mota 'yan'uwansa sun tattake shi kafin a kai Ikko. Wanda ya kwanta jinyar karaya wata biyu cikin damina, kafin ya tashi ciyawa ta gama da gonarsa.

Abin da aka fi dogara da shi wajen maganin santsi shi ne roba, wadda mutanen da su ke kira danƙo. Amma ba kowace roba ce ke kamawa ba. Abu biyu ne ke ba ta kamu, watau taushinta da zanen da ke jikinta. In ɗaya ya tafi, kamun ya tafi.

AMFANIN TAUSHI

Daɓe ko katako ko kwalta, kome kyaunsa a ido, in an duba shi da madubi mai ƙara girman abu sai a ga duk ƙananan tuddai ne da ramuka. In an ɗora ƙarfe a kansa, kan tuddan kaɗai zai taɓa, shi ya sa ba ya wuyar zamewa. Roba kuwa, da nauyi ya danna ta sai ta nutsa cikin ramukan, ta rungume tuddan. Kafin ta zame, tilas ta lanƙwasa ta hau kowane tudu ta sauka, wannan kuwa yana cin ƙarfi. Ƙarfin nan da ta ke cinyewa shi ne babban ɓangaren kamun da a ke ji.

Asalin roba ruwan wani itace ne na ƙasar Barazil, wanda a ke nomawa a kudancin Nijeriya wajen Binin da Sapele. Ɗanyarta ba ta da amfani da yawa, don in rana ta yi zafi sai ta yi yauƙi, in sanyi ya yi sai ta ƙage. A 1839 wani mutumin Amurka, Charles Goodyear, ya gano cewa in an dafa ta da farar wuta sai ta daina haka. Yawan farar wutar kuwa yana cikin abin da ke yanke taurinta. In an sa kaɗan ta fito da taushi, in an cika ta fito kamar ƙaho. Robar da ta cika taushi tana kamawa ƙwarai amma ba ta daɗewa. Mai tauri kuma tana daɗewa amma tana zamewa. Saboda haka kowane aiki da irin taushin da ya dace da shi.

Ga misali a injin casar shinkafa irin mai gammon roba. Cikinsa akwai mulmulallun robobi biyu suna juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ta fi ɗaya sauri. Ƙwayar shinkafa ta faɗa tsakaninsu, kowace roba ta kama gefe ɗaya na ƙaiƙayin, bambancin saurin ya yage shi. Da ya ke robar tana lotsawa, shinkafar ba ta karyewa kamar yadda ta ke yi a injin ƙarfe. Robobin nan ba su da zane ko ɗaya, domin a busasshen wuri su ke aiki, taushi kaɗai ya ishe su.

AMFANIN ZANE

In ruwa ya shiga tsakanin roba da ƙasa, magana ta canja. Ruwan ya kan cike ramukan nan, robar ta rasa inda za ta nutsa, sai ta hau kansa ta tafi. Nan ne zane ke da amfani. Kwarin zanen shi ne magudanar da ruwan zai bi ya fita, bakin zanen kuwa ya share ragowar laimar, har robar ta sami busasshen wurin kamawa.

Zane iri biyu ne, kuma kowanne da labarinsa. A 1935 wani mai sha'awar tuƙa jirgin ruwa a Amurka, Paul Sperry, ya lura karensa yana gudu kan ƙanƙara ba ya zamewa. Da ya duba tafin ƙafarsa ya ga duk 'yan tsage-tsage ne. Sai ya ɗauki wuƙa ya tsattsaga ƙasan takalmin roba ƙanana ƙanana, ya sami takalmin da ba ya zamewa kan jiƙaƙƙen katakon jirgi. Cikin shekarar nan kuma abokan wani mutumin Italiya, Vitale Bramani, su shida suka mutu wajen hawan dutse, aka ɗora laifin a kan irin takalman da suka sa. A 1937 ya fito da ƙasan takalmi na roba mai manyan haƙora, wanda a ke sayarwa da sunan Vibram.

To, ƙananan tsaga masu yawa su ne na wuri mai sulɓi da laima, kamar siminti da katako da kwalta. Manyan haƙora masu tazara kuwa su ne na taɓo da sako-sakon ƙasa, don su kan nutsa su ciji ƙasar, tazarar kuma ta bar laka ta faɗi. In an shiga taɓo da ƙaramin zane, nan da nan laka ta cike shi, ya koma kamar babu. In an hau jiƙaƙƙen siminti da manyan haƙora masu tauri, wurin taɓawa ya yi kaɗan, sai faɗuwa.

TAYAR TARAKTA

Da can ƙafafun tarakta na ƙarfe ne masu tsinaye. A 1932 kamfanin Allis-Chalmers na Amurka ya fara sayar da tarakta mai tayar roba ta iska, aka ga ta fi sauri, ta fi kuma ƙarancin shan mai. Cikin shekara goma mafi yawan sababbin taraktocin ƙasar suka koma roba.

Haƙoran tayar baya a karkace su ke, suna haɗuwa a tsakiya kamar kan kibiya. In an dubi saman tayar, tsinin ya kamata ya nuna gaba. Da haka tsinin ne zai fara taɓa ƙasa, ya tura laka gefe da gefe, tayar ta riƙa share kanta. In mai faci ya ɗaura ta a juye, sai ta riƙa tattara laka a tsakiya, ta yi ta juyawa wuri ɗaya.

Kowace tarakta tana ɗan zamewa sa'ad da ta ke jan garma. Ga mai ja da ƙafafun baya kaɗai, abin da ya dace shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ga yadda a ke aunawa. A yi wa tayar baya alama da alli. A sa garma a ƙasa, direba ya ja, wani ya bi gefe. Inda alamar ta taɓa ƙasa ya kafa turke, ya ƙirga juyi 10, ya kafa wani turken. Sa'an nan a ɗaga garma, a sāke bin tsakanin turakun nan, a ƙirga juyin. In an sami 9, zamewa kashi 10 ce. In 8 da rabi ne, kashi 15 ce. In 7 aka samu, watau cikin kowane juyi 10 uku sun tafi a banza, tare da mansu da lokacinsu da naman tayar. Wanda ya yi hayar tarakta da awa, aljihunsa ne ke biyan wannan hasara. Maganin shi ne a rage zurfin garma, ko a daidaita iskar tayar da abin da kamfanin ya rubuta, ko a ƙara mata nauyi da ruwa har kashi uku cikin huɗu. Amma kada a cika nauyi har zamewa ta ɓace ɗungum, don ƙasar gona za ta danne, kayan cikin tarakta kuma su wahala.

TAKALMI DA ƘOTA

A kasuwa kome sunansa roba, daga bokiti har taya. Amma yawancin takalma masu araha da irin robar bokiti aka yi su, ko da wata mai kama da soso, waɗanda in sun suɗe ba abin da ya fi su santsi kan jiƙaƙƙen daɓe. Mai saye ya danna ƙasan takalmin da farce. In ya lotsa ya komo nan da nan, alama ce mai kyau. In ya ƙi lotsawa, ko ya lotsa ya zauna, a bar wa mai shi abinsa. Araha ba ta ado.

Ɗan kasuwar da ke son sanin kayan da zai sara yana iya gwadawa da kansa. Ya sami faffaɗan katako mai sulɓi ya jiƙa shi, ya ɗora takalma biyu daban daban, kowanne da dutse mai nauyi ɗaya a ciki. Ya riƙa ɗaga gefe ɗaya sannu sannu. Wanda ya riga gangarowa shi zai riga kayar da mutum. Takalmin da a ke yankawa daga tsohuwar taya ba abin rainawa ba ne, muddin an yanko inda zane ya rage.

Ƙotar adda ko lauje kuma, in hannu ya yi gumi ta kan suɓuce, ta sari ƙafar mai ita ko ta wanda ke kusa. A yanko tsohon tif na keke siriri, faɗin yatsa biyu, a ja shi a naɗe ƙotar, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa. Hawan nan shi ke ba da zane. Kada a yi kauri har yatsu su kasa haɗuwa da babban yatsa, don ƙota mai kauri tana gajiyar da hannu. A gatari kuwa, gindin ƙota kaɗai za a naɗe, domin hannun gaba yana bukatar ya riƙa zamewa, in ya kama sai bororo.

DABBOBI CIKIN MOTA

Shanun da a ke lodi daga Potiskum ko Maigatari ko Illela su kan yi tafiya mai nisa a tsaye, fitsari da kashi na zuba kan ƙarfe ko katako. Kofato abu ne mai tauri, saboda haka taushin tilas daga daɓen zai fito. Tabarmar roba mai kauri da zane tana maganin wannan, in an ɗaure ta da kyau yadda ba za ta naɗe ba. A barbaɗa yashi ko ƙaiƙayi a kanta ya tsotse laima, a wanke ta bayan kowace tafiya, don kashi in ya cike zane ya kashe shi. Gangaren da a ke hawa da su kada ya tashi fiye da ƙafa ɗaya cikin kowace ƙafa uku. A kafa masa sanduna ko yankin taya a gicciye, tazarar kamar santimita 20. San da ya faɗi ya kurje ko ya karye, mahauci ne zai yanka masa kuɗi yadda ya so.

ABOKAN GABAN ROBA

Na farko shi ne mai. Fetur da gas da baƙin mai su kan kumbura roba su ruɓar da ita, kuma zane ba ya share mai kamar yadda ya ke share ruwa. Kada a ajiye taya ko bel kusa da durom ɗin mai. In bel ɗin injin niƙa ya fara zamewa, a goge shi, a daidaita ɗaurinsa. Mai aiki a gareji ko gidan mai ya nemi takalmin da aka yi musamman domin mai.

Na biyu shi ne rana da tsufa. Roba ta kan bushe ta tsattsage ko ba a taɓa aiki da ita ba. A ajiye ta a inuwa. Tun daga shekara ta 2000 a kan buga lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 1522, watau an yi ta cikin mako na 15 na 2022. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawara kada a yi aiki da wadda ta wuce shekara 10, kome kyaun zanenta.

Na uku shi ne suɗewa. Sabuwar tayar ƙaramar mota zurfin zanenta ya kan kai milimita 8. A Ingila da ƙasashen Turai doka ta hana hawa da wadda ta gaza milimita 1.6, watau bai cika kaurin tsinken ashana ba. Cikin kwarin zanen akwai 'yan tuddai da aka yi daidai wannan awo, in saman tayar ya zo daidai da su ta ƙare. A yi hankali da suɗaɗɗiyar taya wadda aka sāke wa zane da wuƙa. Ba a yin haka sai ga tayar babbar mota wadda kamfanin ya bar wa nama domin wannan. Ta babur ko ta ƙaramar mota in an tsaga ta, fashewa ce ke biye.

Ya kamata kowane mai gida ya ware yini guda kafin ruwa ya kankama, ya duba tayoyin babur da keke da amalanke, da takalman iyalinsa, da ƙotocin kayan aikinsa. Ya danna da farce ya ji taushi, ya duba zurfin zane, ya tuna irin ƙasar da za a taka. Abin da ya gaza a canja shi tun kuɗin kaka ba su ƙare ba, gama kuɗin sabuwar taya bai kai na mai ɗori da na amfanin shekara guda ba.