Tsimi da Tanadi Tsakanin Miji da Mata

Kowa ya san yadda wata ya kan kasance a gidan mai albashi. Ran da aka biya, tukunya ta sha nama, har maƙwabta su ji ƙanshi. Kafin wata ya yi kwana 20 an koma miyar kuka ba mai, mai gida yana ratse hanya don kada ya haɗu da mai kanti. Manomi ma haka, da kaka ya yi ta kyauta da dami, da bazara ya je neman rancen iri. Sau da yawa mu kan ɗora laifin a kan ƙarancin samu, gaskiya ne kuwa samu ya yi ƙaranci. Amma a kan ga gida biyu samunsu ɗaya, ɗaya yana cikin rufin asiri, ɗayan kullum cikin bashi. In muka bincika, sai mu tarar a gidan farko miji da mata sun san lissafin gidansu tare, a na biyu kuwa kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

1. Dukiyar kowa tasa ce

Kada wani ya zaci tanadi tare shi ne a zuba kuɗin miji da na mata cikin jaka guda. Mun karanta a littattafan fiƙihu cewa ci da sha, da tufafi, da wurin kwana suna wuyan miji gwargwadon ƙarfinsa, ko da matar ta fi shi arziki. Sadakinta kuwa, da gadonta, da abin da ta samu wajen fura ko ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko albashi, duk nata ne. Ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. In ta ba shi kyauta, ta sami lada. In rance ne, to, bashi ne kamar na kowa, sai a rubuta shi a biya. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Matar da aka ci wa jari sau ɗaya da sunan rance ba ta ƙara nuna abin da ke ƙulle a bakin zanenta ba, ba kuwa za mu ga laifinta ba.

2. Lissafi ɗaya

Maza da yawa ba su faɗa wa matansu abin da suke samu, wai don kada a yawaita musu roƙo. Wannan dabara ba ta biya, gama wadda ba ta san zurfin rijiya ba, sai ta yi tsammani ba ta ƙafewa. Abin da ya kamata shi ne, daren da kuɗi suka shigo, bayan yara sun yi barci, su zauna da fensir da ɗan littafi. Shi ya san abin da ke shigowa, ita kuwa ta san mudu nawa a ke ci, da kwana nawa kwalbar mai ke yi. Sanin kowannensu rabi ne, sai an haɗa ya cika.

A fara fid da na ajiya tukuna, sa'an nan a kasa saura: hatsi da cefane, haya, kuɗin makaranta, sabulu da magani. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata ba zai ajiye kome ba, don ba a taɓa raguwa. Ga misali. A shekarar 2024 aka yanke mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. In aka fid da ushirinsa, watau 7,000, cikin wata 12 an tara 84,000, ya fi albashin wata guda. In ushiri ya yi nauyi, a fid da rabinsa, 3,500, a shekara ya zama 42,000. Da yayyafi kogi kan cika. Mai mata fiye da ɗaya kuwa, sai ya yi wannan zama da kowace, ya daidaita tsakaninsu, don ɓoye-ɓoye shi ke hura wutar kishi.

3. Inda za a ajiye

Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, sa'an nan aka zo da fam da sule da kwabo da anini, a shekarar 1973 kuma naira ta maye gurbinsu. Wannan ya isa ya nuna mana kuɗi ba su da tabbas. A 1984 aka sake launin takardun naira, aka ba mutane 'yan kwanaki kaɗan su musanya, waɗansu da suka binne nasu cikin tulu suka yi asara. A farkon 2023 aka sake shan wuya irin wannan sa'ad da aka sabunta takardun 200 da 500 da 1,000. Ban da gara da gobara da ɓarawo, akwai wani ɓarawo wanda ba ya fasa ƙofa, shi ne tsada. A 2024 farashin kaya ya hau fiye da 30 cikin 100. Watau naira 100,000 da aka ɓoye ƙarƙashin katifa a farkon shekara, a ƙarshenta ba ta sayen abin da 77,000 ta saya da fari.

Saboda haka sai a raba ajiya wuri uku. Na farko hatsi. A saya da kaka gwargwadon cin gida, a shanya shi ya bushe sarai. Wake kuwa, a zuba shi cikin duro mai murfi, ko buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ƙwari su rasa iska su mutu. Gidan da ke cin mudu 2 kullum yana bukatar 60 a wata, 730 a shekara. Amma fa na ci mu ke nufi. Ɓoye abinci don a jira tsada abin zargi ne a addini, farashi kuma ya kan faɗi ya kā da mai ɓoyon.

Na biyu dabba. Akuya wata 5 ta ke yi da ciki, sau da yawa ta haifi biyu, ƙaiƙayi da dusa da ruwan tsari sun taimaka wajen kiwonta, ran da lalura ta zo kuma a kai ta kasuwa. Mata sun daɗe da gane wannan. In akuyar ta uwar gida ce, mai gida ya taimaka da harawa, amma kada ya manta mai ita.

Na uku kuɗin hannu saboda ciwon dare da haihuwa, gama ba a kai akuya asibiti da tsakar dare. Wannan banki ya fi dacewa da shi. Mai gudun kuɗin ruwa ba shi da sauran hanzari, tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba, waɗansu kuma sun biyo baya. Adashi ma yana da amfani. Mutum 10 suna zuba 2,000 kowane mako, mai kwasa ya ɗauki 20,000. Sai dai mu sani adashi ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka ɗauka, amfaninsa tilasta wa kai. A duba amanar uwar adashi, a kuma shirya abin da za a yi da kwasa tun ba ta zo ba.

4. Ramukan da ke shanye tanadi

Ba abin da ke rushe ajiyar gida kamar biki da gasa. Abin mamaki, yawancin hidimomin nan ba su zo mana ba zato. Suna ya kan yi sallama tun da wata 9. Ragon layya an san lokacinsa tun bara. Kayan ɗakin 'ya mace kuwa, tun tana goye uwa ta san za a neme su. In aka riƙa saye kaɗan-kaɗan, ba sai an jinginar da gona ba. Anko da lefe na kece raini, ran biki kaɗai a ke yabonsu, bashinsu kuwa shekara ya ke kwana a gida.

Maza kuma kada mu ga na mata mu manta namu. Wanda ke ɓad da naira 300 kullum wajen goro da taba da hirar waya marar dalili, ya ɓad da 9,000 a wata, a shekara 109,500. In za a rage, kowa ya rage nasa, sa'an nan magana ta yi daɗin ji.

5. Tanadi ba rowa ba ne

Akwai masu cewa ajiya rashin tawakkali ce. Ai Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata gare shi, shi ya ba mutanen Masar shawara su bar hatsi cikin zangarniyarsa shekara 7 na ƙoshi saboda 7 na fari. Ƙasarmu ma ta ga yunwa a 1914, ta ga fari a 1973. Marowaci ya kan hana iyalinsa abin da ya wajaba. Mai tanadi kuwa ya ba kowa hakkinsa, ya hana ɓarna kaɗai. In ajiyarsa ta kai nisabi ta shekara, ya fid da zakka, ɗaya cikin 40. Ran da ɗan'uwa ya shiga uku, mai ajiya ne ke iya agazawa.

Mu da za mu fita koyarwa, mu tuna a ƙauye gidan malami abin kallo ne. Ba shi da kyau mu koya wa yara tarawa da ɗebewa da safe, da maraice iyayensu su gan mu muna kai riga jingina. Sai kowa ya sayi ɗan littafi tun watan farko, ya nuna wa iyalinsa shafin farko, su fara tare. Ajiya maganin wata rana. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka cikin kaɗan ɗin da mu ke samu, amin.