Mudu Biyu a Gida Ɗaya

'Yan'uwa manoma, kowane mutum yana da ra'ayin da yake bi a zaman duniya, ko da bai taɓa faɗinsa da baki ba. Wannan ra'ayi kamar tukunya ne a kan murhu. Duwatsu uku ke riƙe da ita: abin da mutum ya ɗauka da daraja, tarbiyyar da ya samu tun yana yaro, da ƙa'idodin da abokan sana'a suka yarda su bi. In dutse ɗaya ya goce, tuwo ya zube.

A bakin mudu ake gane ra'ayin manomi. Dukanmu mun san mai mudu biyu: babba na saye, da ƙarami wanda aka bubbuge gindinsa, na sayarwa. Mun san mai zuba tsakuwa cikin wake, da mai yayyafa wa auduga ruwa domin ta yi nauyi. Irin wannan mutum ba rana ɗaya ya zama haka ba. Ya fara sa kuɗi gaba da mutunci, ya ga babu wanda ya tsawata masa, har zuciyarsa ta ce, "Ai kowa haka yake yi." To, wannan magana ita ce ta zama ra'ayinsa, ita kuma 'ya'yansa za su gada, gama suna zaune kusa sa'ad da yake awo.

Annabi Amos makiyayi ne, mai kiwon itacen ɓaure kuma. Wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu ya tsauta wa masu rage mudu da masu sayar da ƙaiƙayi cikin alkama. Mu karanta sura 8, aya 4 zuwa 6.

Mu a ƙungiya tare muke sayar da amfaninmu. In mai saye ya kwance buhu ɗaya ya tarar da tsakuwa, sunan dukanmu ne ya ɓaci. Baɗi zai karya mana farashi, ko ya wuce wani ƙauye, rancen taki kuwa yana jiranmu.

Tambayoyi don taro:
1. Wane abu ne ba za mu yarda mu yi ba, komai yawan ribarsa?
2. Me yaranmu ke koya a wurinmu ranar kasuwa?
3. In ɗan'uwa ya kawo buhu mai algus, yaya za mu yi masa gyara ba tare da mun kunyata shi ba?

Mako mai zuwa kowa ya zo da mudunsa, mu gwada su gaban juna.