Darasi na Tara: Sabunta Manhajar Tsohuwar Kwamfuta

Ɗalibai, a Kwadon da ke kan hanyar Gombe zuwa Biu, kamar a sauran garuruwa, kwamfutar tafi-da-gidanka da ake saya wa yara domin shirin jarrabawar JAMB sau da yawa ta hannu ce. Da dama daga cikin irin waɗannan kwamfutoci suna aiki da babbar manhaja mai suna Windows 10. To, ku sani cewa a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba wannan manhaja. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma ta zama tamkar ɗakin da makullinsa ya lalace.

Windows 11, wadda ta fito a 2021, ita ce ta gaje ta. Tana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 4, da ma'adana mai gigabait 64, da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Manhajar PC Health Check za ta gaya muku ko taku ta cancanta.

Rigakafi ya fi magani. Kafin ku fara, ku kwafi takardunku a filash, ku cika batir, domin kada kwamfutar ta mutu ana tsakiyar aiki. Idan ba ta cancanta ba, kada ku yar da ita. Kuna iya sa mata Linux Mint, wadda ake samu kyauta.

Tambayoyi
1. Me ya faru ranar 14 ga Oktoba, 2025?
2. Ku bayyana ma'anar "ta hannu".
3. Ku yi jimla da kalmar "cancanta".