Mutum-mutumin Da Ya San Jikinsa: Shin Ya San Kansa?

Masuncin da ke tuƙa kwale-kwale a fadamar Hadejia ba ya auna jirginsa da awo kafin ya ratsa tsakanin kachala. Tsawon jirgin da nauyin kayan duk suna cikin kansa. Idan ruwa ya fara shiga ta gefe guda, nan take zai sauya tuƙi. Irin wannan taswirar jiki ce masana ke koya wa mutum-mutumi ya zana wa kansa.

Yadda abin yake aiki

A shekarar 2006, Josh Bongard da Victor Zykov da Hod Lipson na Jami'ar Cornell a Amurka sun ƙera mutum-mutumi mai ƙafa huɗu, ba tare da sun gaya masa siffarsa ba. Sai ya riƙa motsa gaɓoɓinsa yana auna yadda jikinsa ke karkata. Manhajarsa ta riƙa zana siffofi daban-daban, tana watsar da duk wadda ba ta dace da awon ba, har ta samu wadda ta yi daidai. Da ita ya koyi tafiya. Da aka cire wani sashe na ƙafa ɗaya, ya sake zana siffar, ya ci gaba da tafiya yana ɗingishi.

A 2022 kuma, a Jami'ar Columbia, ɗakin binciken Lipson ya kewaye wani hannun inji da kyamara 5. Cikin kusan awa 3 hannun ya koyi sararin da jikinsa ke cikewa, har ya iya kauce wa abin da aka gitta masa.

To, ya samu hayyaci ke nan?

Nan ne ra'ayi ya rabu. Lipson na ganin wannan matakin farko ne na sanin kai: na'urar da ta iya hasashen jikinta, wata rana za ta iya hasashen tunaninta.

Wasu kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. Wayar hannu ta san cajinta ya koma kashi 5, har takan rage haske don ta daɗe, amma ba wanda zai ce tana jin yunwa. A 1995 masanin falsafa David Chalmers ya bambanta abu biyu: yadda ake sarrafa bayanai, da dalilin da ya sa mai rai ke jin abin a ransa. Gwajin Cornell ya taɓa na farko ne kawai. Injin ya gano ƙafarsa ta gajarce. Babu awon da ya nuna ya ji zafi.

Me ya shafi mutumin Hadejia?

Amfanin fasahar bai jira an warware gardamar ba. A ambaliya irin ta 2022, jirgi marar matuƙi da zai gane farfelarsa ta lalace ya gyara tashinsa zai fi wanda zai faɗo cikin ruwa amfani.

Hatsarin yana wajen ɗaukar alhaki. Ranar da aka yarda cewa na'ura "ta san abin da take yi", maƙerinta ya samu inda zai jingina laifi. Don haka idan mai karatu ya ga tallar na'ura mai "sanin kanta", ya tambaya: me take aunawa a jikinta, kuma wa zai biya idan ta yi ɓarna?