Darasin Tattalin Arziki: Manyan Jami'an Tsara Ƙasa Da Alaƙarsu Da Jarin Ɗan Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen fili domin kafa masana'anta, ko gidan mai, ko jerin kantuna, ya san cewa biyan kuɗin fili ba shi ne ƙarshen magana ba. Kafin a aza tubali ɗaya, sai takardunsa sun bi ta ofishin tsara birane da yankuna, inda wani babban jami'i zai duba taswira ya faɗi ko wurin na kasuwanci ne, ko na gidajen kwana, ko kuwa hanyar ruwa ce wadda ba a yarda a tare ba. Sa hannun wannan jami'i na iya ninka darajar fili, rashinsa kuma na iya mayar da ginin miliyoyin naira tarin ɓaraguzai. A darasinmu na yau za mu duba inda waɗannan jami'ai suka samo ikonsu, da yadda ake kai wa ga muƙaminsu, da kuma abin da ya wajaba mai zuba jari ya sani game da su.

Tushen Ikonsu A Doka

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta ɗora dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Dokar ta ɗauki yawancin tsarinta ne daga dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962. A ƙarƙashinta, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne da amfani da fili, galibi na shekara 99 idan filin gida ne. Gwamna ke ba da wannan izini a birane, ƙaramar hukuma kuma a karkara, inda ikonta ya tsaya a hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, sai dai in gwamna ya amince da ƙari. Haka kuma gwamna na da ikon soke izinin saboda buƙatar jama'a, kuma diyyar da ake biya ta shafi gini ne da amfanin gona, ban da ƙasar kanta.

A shekarar 1992 aka kafa doka mai lamba 88 kan tsara birane da yankuna, wadda ta tanadi hukumomi a matakai uku: tarayya, jiha da ƙaramar hukuma. A wannan shekarar ce kuma aka kafa doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken illar da manyan ayyuka za su yi wa muhalli kafin a fara su. Daga bisani, a 2003, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Don haka ne ƙa'idojin gini a Kano, inda hukumar KNUPDA ke aiki, kan sha bamban da na Kaduna, inda KASUPDA take. Gwamna ke da iko a takarda, amma shawarar da yake sa wa hannu, daga teburin manyan jami'an tsare-tsare take fitowa.

Yadda Ake Hawa Matakan Aikin

Mai son wannan sana'a kan fara da digiri a fannin tsara birane da yankuna, karatun da kan ɗauki shekara biyar a jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko kuma ya bi ta kwalejin kimiyya da fasaha. Bayan hidimar ƙasa da wasu shekaru na aiki a ƙarƙashin ƙwararre, sai ya nemi shiga ƙungiyar masana tsara birane ta Nijeriya, wato NITP, wadda aka kafa a 1966, sannan ya yi rajista da majalisar TOPREC, wadda doka mai lamba 3 ta 1988 ta ba ikon tantance masu wannan aiki. Wanda bai da wannan rajista, doka ba ta san shi a matsayin mai tsara birane ba.

A aikin gwamnatin tarayya, mai digiri kan shiga a mataki na 8. Daga nan yana hawa har ya zama mataimakin darekta a mataki na 15, muƙaddashin darekta a na 16, sai darekta a na 17, kafin ritaya ta riske shi yana da shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. Daga cikin darektoci ake samun manyan manajojin hukumomin tsara birane da manyan sakatarorin ma'aikatun ƙasa da safiyo. A wajen gwamnati kuma akwai kamfanonin ba da shawara masu zana tsarin sababbin unguwanni da yankunan masana'antu, akwai koyarwa a jami'a, akwai kuma ayyukan da Bankin Duniya da hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedkwata a Nairobi ke ɗaukar nauyi.

Abin Da Ya Raba Babba Da Ƙarami

Ƙaramin jami'i fuloti yake dubawa: faɗinsa, nisan gini daga bakin titi, inda magudanar ruwa za ta bi. Babba kuwa yanki guda yake kallo, yana auna abin da zai faru bayan shekara ashirin ko talatin. Misalai biyu za su bayyana nauyin wannan aiki.

Na farko shi ne Abuja. An kafa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kammala babban tsarin birnin a 1979, aka kuma mayar da fadar gwamnati can ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsarin ya ƙayatar a cikin gari, amma tsadar gidaje ta tura ƙananan ma'aikata da leburori zuwa Nyanya, da Mararaba a Jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla a Jihar Neja, garuruwan da galibinsu ikon hukumar bai kai gare su ba. Sakamakon haka shi ne cunkoson da ake fama da shi safe da yamma a hanyar Keffi. A cikin birnin kuma, gine-ginen da suka saɓa wa tsari sun yi ta ƙaruwa, har aka yi rusau mai yawa tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista. 'Yan kasuwa da dama sun yi asarar kantuna da gidajen da suka gina bisa takardun da suka zaci sahihai ne.

Na biyu shi ne kwarin kogin Haɗeja. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, sun bunƙasa noman rani da ruwan sha a Jihar Kano. Amma sun sauya yadda ruwa ke malala zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda manoman shinkafa, masunta da makiyaya suka dogara da ambaliyar shekara-shekara, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Shawarar da aka yanke a jiha ɗaya ta taɓa abincin jama'a a Jigawa da Yobe. Irin wannan lissafi, na wanda zai ci riba da wanda zai ɗauki asara, shi ne ainihin aikin babban jami'in tsara yanki.

Ci Gaba Mai Ɗorewa

Tun bayan rahoton kwamitin Brundtland na 1987 da taron ƙoli na Riyo a ƙasar Brazil a 1992, ma'aunin wannan aiki ya faɗaɗa. Manufar ita ce a biya buƙatun mutanen yau ba tare da an cinye rabon na gobe ba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe muradi na 11 cikin muradunta 17 ga birane da matsugunai. A aikace, wannan na nufin kare fadama da dazuzzuka da burtalin shanu, da barin fili don makaranta, kasuwa da maƙabarta, da kuma hana gini a kan hanyar ruwa. Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta shiga gidaje da asibitoci da babbar kasuwar garin, ta kuma nuna yadda kogi ke komawa hanyarsa komai daɗewa.

Saboda haka babban jami'i na buƙatar fiye da iya zane. Dole ya san doka da tattalin arziki, ya iya aiki da taswirar kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam, ya iya zama da sarakuna, masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa kafin a yanke shawara. Mafi wuya shi ne ya iya ce wa mai mulki ko mai kuɗi a'a, domin filin wasan yara ko bakin magudana ba su da mai kare su sai shi.

Darasi Ga Mai Zuba Jari

Abu na farko, kada a biya kuɗin fili sai an binciki rajistarsa a ma'aikatar ƙasa, an kuma ga taswirar da hukuma ta amince da ita. Takardar dillali ko ta mai unguwa ba ta maye gurbin wannan. Na biyu, a tabbatar da amfanin da aka keɓe wa filin, domin mayar da gidan kwana kanti ko otal na buƙatar izini na musamman. Na uku, a tuna cewa sayarwa ko jinginar da filin da ke da takardar shaidar gwamna na buƙatar amincewarsa, in ba haka ba banki ba zai karɓe shi jingina ba. Na huɗu, duk mai babban aiki ya ɗauki mai tsara birane mai rajista tun daga farko, domin kuɗin shawararsa bai kai ko kusa da asarar rusau ba.

Daga ƙarshe, ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu su riƙa halartar zaman jin ra'ayin jama'a duk lokacin da ake sabunta tsarin gari, su kuma matsa lamba a naɗa ƙwararru masu rajista a shugabancin hukumomin tsare-tsare. Rigakafi ya fi magani, kuma gyaran layi a kan taswira ya fi sauƙi kafin a zuba kankare.