Yadda Za Ka Sa Gizo da Ƙoƙi Cikin Jimlar Turanci

Ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko ɗan sakandare a Bakura da Maradun mai shirin WAEC da NECO, yakan so ya ba da tatsuniya ko ya yi sharhin littafin Hausa da Turanci. Da ya iso kan Gizo ko Malam Zurƙe, sai alƙalami ya tsaya. Shawarata ita ce: suna suna ne, ba a fassara shi. Ka gabatar da mai shi sau ɗaya, daga nan ka riƙe shi kamar sunan kowane mutum.

Fara da gabatarwar. Mai karatun da bai yi hirar dare a gaban kaka ba, bai san Gizo ba. Inda sunan ya fara fitowa, ka bi shi da gajeren bayani tsakanin waƙafi biyu: "Gizo, the trickster of Hausa tales, visits the king." Kada ka sake wannan bayani. Haka mutanen Gana suka yi wa Anansi, Gizon tatsuniyoyinsu, har sunan ya zauna daram a littattafan Turanci.

Na biyu, babban harafi a farkon sunan, kuma ban da "the" a gabansa. Ba ka rubuta "the Musa", don haka babu "the Gizo". Amma akun da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, jinsinsa ne aku, saboda haka "the parrot" daidai ne.

Na uku, lamiri. Gizo "he" ne, matarsa Ƙoƙi "she" ce. Wanda ke magana, yana aure, yana ƙulla wayo, ba a ce masa "it". Mallaka kuma ta bi tsarin Turanci: "Gizo's wife".

Na huɗu, laƙabi ya zo da kayansa. A Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934, akwai Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Ka bar su haka. In ka mayar da Malam ya zama "Mr", ka tuɓe masa rawani.

Na biyar, ka raba littafi da jaruminsa. Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kowanne sunan littafi ne kuma sunan mutum. In littafin kake nufi, ja masa layi a ƙasa idan da hannu kake rubutu, ko ka karkata haruffan a kwamfuta. In mutumin ne, bar shi tsaye. Da Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar a 1967, bai taɓa sunan ba.

A yi hattara da Dodo. A Turanci akwai wani tsuntsu mai wannan suna, wanda ya ƙare a tsibirin Morishus tun kafin 1700. In ba ka ce "Dodo, the man-eating monster" ba, mai duba takardarka zai zaci tsuntsu ne ya haɗiye yarinya.

Haruffa masu lanƙwasa kuma, ka zaɓi hanya ɗaya. Ƙoƙi ya fi, kuma Gboard na da Hausa a wayarka. Abin gudu shi ne Ƙoƙi a sama, Koki a ƙasa. Lokacin aikatau ma haka: sharhin labari a Turanci da lokaci na yanzu aka saba yin sa, "Gizo lies", kada ka gauraya shi da "lied".

In ka gama, miƙa wa wanda ba ya jin Hausa, kamar malami ɗan bautar ƙasa, ka tambaye shi wane ne Gizo, wace ce Ƙoƙi. Inda ya yi kame-kame, nan gyaranka yake.