Ƙirƙirarriyar Basira a Teburin Ɗaukar Ma'aikata

Tantance masu neman aiki na daga cikin ayyukan ofis da ƙirƙirarriyar basira ta fara shiga. Idan kamfani ya tallata gurbi guda a intanet, takardun da ke shigowa kan kai ɗaruruwa, wani lokacin dubbai, alhali jami'an da za su karanta su ba su wuce biyu ko uku ba. A da, jami'i yakan zauna gaban tulin takardu yana ware su kashi uku: na kira, na ajiya, da na watsi. Yanzu manyan kamfanoni da yawa sun miƙa wa manhaja wannan zagaye na farko. Ita ke karanta takardar tarihin karatu da aiki, wato CV, ta ba kowa maki, ta jera sunaye daga sama zuwa ƙasa. Jami'i yakan duba na saman jerin, na ƙasa kuwa galibi ko buɗe su ba a yi.

Manhajojin iri biyu ne. Ta farko tana bin umarnin da aka rubuta mata: a nemo mai digiri kaza, mai shekara kaza a bakin aiki. Ta biyu ba a rubuta mata ƙa'ida. Ana loda mata takardun waɗanda aka ɗauka a baya da na waɗanda aka ƙi, ita kuma ta tsamo wa kanta siffofin da suka bambanta su. A wannan ta biyun matsalar adalci ta fi tsanani, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk son kan da ke cikin hukuncin baya, shi manhajar ke ɗauka a matsayin ma'aunin cancanta.

Abin da ya faru a kamfanin Amazon ya zama darasi ga masu wannan sana'a. A 2014 injiniyoyinsa suka fara gina manhajar tantancewa, suka koyar da ita da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara goma. Mafi yawan takardun na maza ne, don haka manhajar ta koyi cewa namiji ake so. Ta riƙa rage maki idan ta ga kalmar "mata" a takarda, kamar wadda ta rubuta cewa ta shugabanci ƙungiyar wasa ta mata, ta kuma rage wa waɗanda suka gama wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Injiniyoyin sun gyara waɗannan wuraren, amma ba su da tabbacin ba za ta gano wata hanyar ware mata ba. Daga ƙarshe aka yi watsi da aikin, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar da labarin a watan Oktoban 2018.

Wannan ya nuna cewa goge gurbin jinsi ko ƙabila daga fom bai isa ba. Adireshi, sunan makaranta da shekarar gama karatu duk suna faɗin ko wane ne mutum. Matar da ta bar aiki shekara uku saboda aure da goyo, manhaja giɓi kawai take gani a takardarta. Ɗalibin jami'ar gwamnati da yajin aikin malamai na 2022 ya cinye wa wata takwas yana fitowa ya girmi takwaransa na jami'ar kuɗi, kuma idan an sa iyakar shekaru sai ya faɗi tun kafin a duba makinsa. Akwai kuma wanda ya je shagon buga takardu aka ɗauki hoton takardarsa aka tura. Wasu manhajojin ba sa iya karanta rubutun da ke cikin hoto, sai su ajiye shi a matsayin wanda bai rubuta komai ba. Babu ɗayansu da zai san dalili. Abin da zai gani kawai shi ne saƙon ban haƙuri, ko kuma shiru.

Wasu kamfanonin sun wuce takarda, suna sa mai neman aiki ya amsa tambayoyi a gaban kyamara, manhaja ta auna muryarsa da fuskarsa. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin nazarin fuska na kamfanoni uku. Kuskurensu a kan maza fararen fata bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙen fata kuwa ya kai kusan kashi 35. A farkon 2021 kamfanin HireVue, wanda ya yi suna a irin wannan ganawa ta bidiyo, ya sanar cewa ya daina auna fuska. Matsalar murya tana nan, domin na'urar da aka koyar da karin harshen Amurka ko Ingila takan kasa jin Turancin wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato.

Duk da haka manhajar tana da nata amfanin. Ba ta gajiya a takarda ta ɗari biyar, ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar takardar alfarma daga manya. Hukuncinta kuma a rubuce yake, ana iya lissafa shi a gano inda ya karkata. Bambancin shi ne girman ɓarna: son kan jami'i ɗaya yana tsayawa a ofishinsa, na manhajar da kamfanoni da yawa suka saya kuwa yana rufe wa mutum ƙofofinsu duka a lokaci guda.

Sauyin ya shafi su kansu ma'aikatan. A watan Janairun 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa wannan fasaha za ta taɓa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyuka a duniya, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta. Aikin ofis na rubutu, shigar da bayanai da ware takardu shi ne a sahun gaba. Da irin wannan aikin ne ƙaramin ma'aikaci yake koyon sana'a kafin ya zama babba, don haka ofishin da ya miƙa shi kacokan ga na'ura zai wayi gari ba shi da wanda ya san aikin har ya iya gane kuskurenta.

Dokoki sun fara biyo baya. Tun watan Yulin 2023 birnin New York ke tilasta wa masu amfani da irin wannan manhaja su sa mai bincike daga waje ya gwada ta duk shekara, su kuma wallafa sakamakon. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki a watan Agustan 2024 ta sa ɗaukar ma'aikata cikin fannoni masu babban haɗari. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ƙin amincewa da hukunci mai nauyi a kansa wanda na'ura ce kaɗai ta yanke, da haƙƙin neman mutum ya sake dubawa.

Abin da ya wajaba a kan mai ɗaukar aiki bai da wuyar faɗi. Kafin sayen manhaja a tambayi da takardun su wa aka koyar da ita. Bayan kowane zagaye a ƙirga mata nawa da maza nawa suka nema, nawa suka tsallake, haka kuma jiha jiha da makaranta makaranta. A ɗebo wasu takardu daga cikin waɗanda ta yi watsi da su a karanta da ido. A gaya wa masu nema cewa na'ura ce za ta fara dubawa, a kuma bar musu hanyar ƙorafi. Mai neman aiki shi ma ya tura takardarsa a rubutun kwamfuta maimakon hoto, ya rubuta sunansa iri ɗaya a ko'ina, ya bayyana dalilin giɓin da ke tarihinsa a taƙaice.

Cewa "kwamfuta ce ta ƙi" ba ya wanke kowa. Mutum ne ya zaɓi manhajar, mutum ne ya ba ta bayanan, mutum ne kuma ya sa hannu a jerin ƙarshe, don haka alhakin wanda aka zalunta yana wuyan mai sa hannun.